Sola a Motar Toktosun

Shafi na 19

Masu cewa na bar Meerim a kan rufin mota rana na dukanta, na ji ƙorafinku. Ga ta nan za ta sauko.

*

Meerim ta ɗaure notin ƙarshe, ta kama farantin sola da hannu biyu ta jijjiga. Bai motsa ba. Ta miƙe tsaye a kan rufin motar ta leƙa ƙasa.

Mahaifinta Toktosun na riƙe da tsani, doguwar farar hularsa ta karkace gefe guda. Kusa da ƙafarsa tukwanen gas biyu ne kwance a yashi, jan fentinsu duk ya ɓaɓɓare. Can bayansu tafkin Issik-Kul ya kwanta luf, ko kwalekwale babu a kansa.

"Kin gama?"

"Na sama dai na gama."

"To sauko a hankali. Tsanin nan ya girme ki."

"Komai na motar nan ya girme ni, Ata." Haka suke kiran uba a can.

Tsohuwar bas ce ta ɗaukar ma'aikata. Ya saye ta shekarar da ya ajiye tuƙin manyan motoci, ya ciccire kujerun, ya kafa gado da teburi da murhu. Duk lokacin zafi sai ya rufe gidansa na Karakol ya zo wannan gaɓar ta kudu, inda babu turken lantarki babu maƙwabci sai makiyaya, ya zauna har sanyi ya kore shi. Girki da gas, ɗumi da gas, firij ɗin ma da gas.

Ita kuwa haɗa sola ce sana'arta. Ta haɗa wa makiyaya, ta haɗa wa masu masaukin baƙi, amma ubanta ya ƙi. Shekara da shekaru tana roƙonsa, yana ce mata wutar da ba ya ganin harshenta ba zai yarda da ita ba. Sai ga shi makon jiya shi da kansa ya kira ta. Ya ce ta zo ta cire gas ɗin duka.

Esen, makiyayin da bukkarsa ke gindin tudu, ya riga ya iso da akori-kurarsa. Ya ɗora tukunya ɗaya, ya dawo zai ɗauki ta biyu.

Meerim ta taka ta da ƙafa.

"Wannan a bar ta."

"Ɗauka, Esen," in ji Toktosun.

"Ata, a bar ɗaya mana. In hadari ya rufe kwana da kwanaki fa? Da me za ka dafa shayi?"

"Da itace. A waje."

"In ruwa ake yi?"

"Sai in sha ruwan."

Esen ya kwashe da dariya.

"Toktosun-ata, bara da na ce ka sayi ɗan ƙaramin farantin nan irin nawa, cewa ka yi madubin 'yan mata ne."

"Bara daban."

"Ga shi yanzu ka shimfiɗa madubi huɗu a ka."

"Ɗauki tukunya ka tafi. Tumakinka na can suna cinye gonar mutane, kai kana nan kana ƙirga min madubi."

Meerim ta janye ƙafarta. Esen ya saɓa tukunyar, ya jefa a baya, ya tafi yana ɗaga musu hannu. Ta bi motar da kallo har ta haye tudu, sannan ta ɗauki akwatin kayan aikinta ta shiga cikin bas ɗin.

Inda murhun gas yake dā, yanzu wani zagayen baƙi ne kawai a kan katako. Ta durƙusa gaban teburi ta nuna masa.

"Ga batura. Ga inbata. Saura in ja manyan wayoyi in haɗa su, in sa fis, in gwada. Kafin nan duk abin da ke kan rufin can ado ne."

"Soket ɗin gefen gado fa?"

Ta ɗago.

"Tun safe kake tambayata soket ɗin nan."

"Ina so ya zama ba ya ɗaukewa. Dare da rana."

"Me za ka jona?"

"Abu."

"Wane abu? Firij na can. Fitila na sama. Wayarka ma sai na yi faɗa kake mata caji."

"Ke dai ki sa."

"Ba haka ake aikin ba, Ata. Sai na san abin da zai ci wutar, sannan in san kaurin wayar da zan ja."

"Ja mai kauri."

Ta zauna a kan dunduniyarta ta ƙare wa ɗakin kallo. Da ta iso jiya kanta na kan aiki, ba ta lura ba. Labulen tagar sabo ne, mai furanni. Matasan kai uku ne a kan gadon, an jera su a tsaye. Gwangwanin da yake zuba tokar sigari babu shi. Aljihun rigarsa na gaba, wanda tun tana yarinya ta san shi a kumbure, ya kwanta.

"Ina sigarinka?"

"Na bari."

"Kai?"

"Ni."

"Ashana fa?"

"Tana waje, a cikin akwatin ƙarfe. Ko tsinke ɗaya ba na so a cikin motar nan."

Meerim ta yi murmushi.

"Ata, aure za ka yi?"

Ya yi tsaki.

"Wa zai auri tsoho da tsohuwar bas?"

"Matar nan mai sayar da bandar kifi a bakin titi. Kullum sai ta ƙara maka ɗaya."

"Wanda ya kwana take ƙara min."

"Ita ce mai tsoron gas?"

"Yi aikinki, 'yata. Rana na tafiya."

Ta warware waya ta auna da ido. Gadon akwati ne mai murfi, kuma hanya mafi kusa ta cikinsa take. Ta kai hannu za ta ɗage katifar, sai Toktosun ya zauna a kai.

"Bi da ita ta sama."

"Ta sama sai ta gitta taga."

"Ta gitta."

"Tashi, Ata."

Bai tashi ba. Ita ma ba ta janye hannunta ba. A waje butar shayin da ya ɗora a kan duwatsu ta fara kuka. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Bai fita wajen butar ba. Bakin ƙofa ya je ya tsaya, ya juya mata baya.

Ta ɗage murfin.

An lulluɓe abin da tsohon bargo. Ta yaye. Farar na'ura ce mai ƙananan tayoyi, tsawonta bai wuce gwiwa ba. A samanta an naɗe wata siririyar roba mai baki biyu, irin wadda ake sa wa mutum a hanci.

Meerim ta san ta. Ta taɓa ja wa irinta waya a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Na'urar da ke tace iska ce ta ba mara lafiya oksijin. Ba a kunna wuta kusa da ita. Ba a shan sigari. In lantarki ya ɗauke, ita ma ta tsaya.

Wayar da ke hannunta ta sulale ƙasa.

"Tun yaushe?"

Bai juyo ba.

"Ata, da kai nake. Tun yaushe? Me likita ya ce?"

"Meerim."

"Huhu ne? Sigarin nan ne, ko? Na faɗa maka, na faɗa maka, na gaji da faɗa. Kubat ya sani? Ka gaya wa ƙanena ka ɓoye min?"

Ta riga ta iso gabansa, ta kama wuyan hannunsa tana duba leɓensa.

"Ba tawa ba ce."

"Kar ka yi min haka."

"Jiya wa ya ɗauko baturan nan daga motarki? Kin ji na yi haki?"

Ya ja numfashi mai tsawo, ƙirjinsa ya cika, ya sake shi a hankali. Babu ko tari.

Ta saki hannunsa.

"To ta wa?"

Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"Ta Burul ce."

Butar da ke waje ta tafasa ta zubo, wutar ta yi cuu. Babu wanda ya waiwaya.

Burul ita ta haifi Meerim. Ta tafi Mosko neman aiki Meerim na da shekara goma sha ɗaya, Kubat kuma ya fara tafiya ke nan. Da farko takan aiko da kaya, takalman sanyi da alewa. Daga baya kayan suka ragu. Daga baya ta kira waya ta nemi saki, ta auri wani a can. Tun daga ranar ba a ƙara kiran sunanta a gidan ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan.

Meerim ta koma ta zauna a bakin teburi. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"Tana ina?"

"Bishkek. Asibiti."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙanƙara ta fara narkewa."

"Wa ya gaya maka?"

"Kubat."

"Kubat."

"Wata ma'aikaciyar jinya ce ta neme shi. Ya je ya gani, ya dawo ya faɗa min."

"Ya je ya gani. Ko a hanya suka haɗu ba zai gane ta ba."

"Yanzu ya gane ta. Duk mako yana zuwa."

Meerim ta gyaɗa kai kawai.

"Huhunta ya ƙare," in ji Toktosun. "Ɗinki ta yi duk shekarun nan, a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa. Ƙurar yadi. Mijin ya rasu, 'ya'yansa suka sa ta a jirgi. Likitoci sun ce abin da za su iya sun yi."

"Allah ya sawwaƙe. Tana da dangi a Talas."

"Yayanta ya rasu. Matarsa ta ce babu ɗaki."

"To gidanka na Karakol. Akwai lantarki, akwai asibiti a bayan layi. Ni me ya haɗa ni da hawa rufi?"

"Na ce mata gida. Ta ce ba ta da fuskar shiga unguwar nan. Ta ce a kai ta inda babu kowa, ta ga ruwa."

"Ta ga ruwa."

"A nan na fara ganinta. Ubanta na kiwo a bayan tudun can."

"Ban tambaye ka ba."



Ta nuna gadon da haɓa.

"Matasan kai uku."

"Ba ta iya kwanciya a miƙe."

"Kai fa?"

"Esen ya ara min tanti."

"Mutane za su ce me? Ka sake ta."

"Mutanen nan tumaki ne da Esen. Tumakin ba su ce komai ba."

Ba ta yi dariya ba.

"Wato ni aka kira in haɗa mata numfashi."

"Ke kika iya."

"Masu haɗa sola sun cika Karakol."

"Sun cika. Na wani in ya ɗauke, ka kira shi ya ce sai bayan bikin ƙanwarsa. Naki ba ya ɗaukewa."

"Daɗin baki kake min?"

"Abin da na sani nake faɗa."

"Me ya hana ka gaya min tun a waya?"

"Da kin zo?"

Ta dube shi.

"A'a."

"To."

Meerim ta sunkuya ta tsinci wayar da ta faɗi. Ta fara naɗe ta a hannu, zagaye bayan zagaye, a tsanake.

"Ata, ka tuna kujerar nan ta katako? Wadda nake takawa don hannuna ya kai kwanon kwaɓin gurasa?"

"Na tuna."

"Kana hanya da kaya, mako biyu, mako uku. Ni nake wanke wa Kubat kashi. Ni nake fasa ƙanƙarar bakin famfo. Da ya shiga makaranta aka ce a zo da iyaye, ni na je, da kayan makarantata a jiki. Malamar ta ce ina uwarsa, na ce ga ni. Duk ajin suka yi dariya."

"Na sani."

"Ranar aurena, matar maƙwabci ce ta ɗaura min farin ɗankwali. Dangin mijina suna ta raɗa. Da na haihu, uwar mijina ce ta nuna min yadda ake riƙe jariri, tana cewa ai ba laifina ba ne, ban samu mai koya min ba."

"Na sani, 'yata."

"Ba ka sani ba. Kana hanya."

Ta ƙara zagaye ɗaya a naɗin wayar.

"Ka yafe mata ke nan?"

"Ban ce ba."

"To me kake yi?"

"Ban san sunan abin ba. Na je na gan ta. Duk ta ƙanƙance, kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya. Na tsaya ina jiran fushin ya zo, bai zo ba. Na fito na zauna a mota na ƙara jira. Sai na ga yunwa ma nake ji."

"Ni nawa bai tafi ko'ina ba."

"Ban ce ki kore shi ba. Waya na ce ki ja."

Ta zuba naɗin wayar a akwati. Ta ɗauki filaya ta sa. Ta ɗauki sifana, ta goge ta a wandonta, ta sa. Fis ɗin da ta ajiye a kan teburi shi ma ta mayar da shi cikin ledarsa. Ta rufe akwatin, ƙarfen ya yi ƙas.

Toktosun ya matsa daga bakin ƙofa ya ba ta hanya.

Ta sauka matakala ɗaya.

"Na san ta taɓa dawowa," in ji shi.

Ƙafarta ta tsaya a kan ta biyu.

"Kina aji tara. Lokacin tsinkar tuffa. Ina hanyar Osh da siminti."

Meerim ba ta juyo ba.

Ta tuna ranar. An ƙwanƙwasa koren ƙyauren tsakar gida, ta buɗe kaɗan. Mace ce da doguwar riga mai ruwan toka, da jaka a kowane hannu. Ta yi ƙiba, ta rina gashi. Ta buɗe baki za ta yi magana, Meerim ta ce mata kin yi ɓatan gida, ta tura ƙyauren ta sa sakata. Kubat ya leƙo ta taga yana tambayar wane ne, ta ce mai tallar madara ce. An ƙara ƙwanƙwasawa, a hankali, an ƙara. Ta ƙure rediyo. Da yamma da ta leƙa babu kowa, sai jaka ɗaya a jikin bango. Ta kai ta bola ba ta buɗe ba.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ko mijinta.

"Ita ta faɗa maka?"

"A'a. Tun a makon na ji. Maƙwabta na da tagogi."

"Tun a makon."

"Ƙwarai."

"Ka zauna da ni duk shekarun nan, muna cin abinci a kwano ɗaya, ba ka ce komai ba?"

"Na yi ta tambayar kaina, da ni ne a gida, zan buɗe? Ban samu amsa ba. Sai na ga ba ni da bakin yi miki faɗa."

"Yanzu ai ka buɗe."

"Yanzu ba ta iya ƙwanƙwasawa."

Iska ta taso daga tafkin ta kaɗa sabon labulen. Meerim ta sauya wa akwatin hannu.

"Kubat ya sani?"

"Ni dai ban gaya masa ba."

"Ita fa?"

"Ban san hirar da suke yi ba. Yakan daɗe a wurinta."

Ta sauka ƙasa. Wutar shayin ta mutu, sai hayaƙi. Ta tsaya tana kallon butar.

"Don ka sa in ji kunya ka faɗa?"

"A'a."

"To don me?"

"Don kar ki tafi kina zaton ke kaɗai kike ɗauke da shi."



"Yaushe za a kawo ta?"

"Sai ƙarshen mako. Kubat zai ɗauko ta."

"Akwai lokaci. Zan turo wani daga Karakol ya ƙarasa. Mai hankali zan turo, ba mai bikin ƙanwa ba."

"To."

"Kar ka taɓa baturan. Kar ka ce za ka gwada da kanka."

"To."

"Ni ba zan sa hannu ba, Ata."

"Na ji."

Bai roƙe ta ba. Ya je ya tsuguna gaban duwatsun, ya sauke butar, ya fara gyara itacen.

"Ki sha shayi kafin ki tafi."

"Na ƙoshi."

"Akwai zuma. Ta Esen ce."

"Na ƙoshi, Ata."

Ta buɗe bayan motarta ta sa akwatin. Ta koma ta naɗe tsanin ta jingine masa a jikin bas ɗin, don kada iska ta kayar da shi. Ta shiga ta tayar. A madubi ta ga ubanta a tsugune yana hura wuta, farantan huɗu na ƙyalli a saman kansa.

Hanyar fita ɗaya ce, siririya, ta ratsa tsakanin ƙayoyi ta haura tudu kafin ta kai kwalta. Mota biyu ba sa giftawa. Ta ja a hankali saboda ramuka.

Ba ta kai rabin tudun ba ta ga ƙura ta taso daga sama.

Ta zaci Esen ne ya dawo. Sai ta ga farar mota ƙarama tana gangarowa da gudu, tana tsalle a kan duwatsu, fitilunta a kunne da rana tsaka. Ta san motar. Ta san lotsawar da ke gabanta, don ita ta yi ta.

Suka ci birki kusan tare, hanci da hanci.

Kubat ya fito bai ko rufe ƙofa ba. Rigarsa duk baƙin mai. Ya zo ya dafa tagarta yana haki.

"Eje! Yaya, Allah ya sa kina nan! An haɗa?"

Ta sauke gilashi.

"Me kake yi a nan? Ata ya ce ƙarshen mako."

"Ta ƙi. Tun asuba ta ce yau, ko a ɗauke ta ko ta fita da ƙafarta. Ta sa hannu suka sallame ta. Na yi ta kiranku, babu sabis."

"Ai ka san babu."

"Sun ba mu tukunyar oksijin ta hanya. Da ta ishe mu har nan. Taya ta fashe min a cikin kwazazzabo, safayar ma babu iska, na daɗe a tsaye kafin wani ya taimaka." Ya share fuska da hannu. "Allurar ma'aunin tukunyar ta shiga ja tun mun baro kwalta."

"Juya ka kai ta asibiti."

"Wanne? Na tsaya a na kusa, ba su da oksijin. Karakol kuma ba za ta kai ba, eje. Nan ne kusa. Ata ya ce na'urar na nan, ya ce yau za ki gama."

Meerim ta kashe motarta.

Ta san abin da ya rage. Manyan wayoyi, fis, soket, gwaji. Ba aikin da ake yi a tsaitsaye ba ne.

Ta fito. Ta bayan kafaɗar Kubat ta hango kujerar baya. Wani ɗan ƙaramin mutum ne a jingine, an naɗe shi da bargo har wuya, da farin ɗankwali. Ba za a ce mace ce mai jaka biyu ba. Siririyar roba ta fito daga hancinta ta gangara zuwa wata koriyar tukunya da aka ɗaure da bel a gefenta.

Daga can ƙasa Toktosun ya taho da sauri, hularsa a hannu.

"Eje," in ji Kubat. "Ba ki amsa min ba."



Ya dubi motarta da ta fuskanci hanyar fita. Ya leƙa ta gilashin baya ya ga akwatin kayan aiki a rufe. Ya dawo da idonsa kanta. Hakin da yake yi ya tsaya.

"Ina za ki?"

"Kubat..."

"Tafiya za ki yi?"

"Ka saurare ni."

"Ta ce min haka za ki yi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ce ƙarya ne, ba ki san ejena ba. Sai ta ba ni labarin mai tallar madara."

Gilashin bayan farar motar ya fara sauka, kaɗan-kaɗan, kamar hannun da ke murɗa shi na hutawa a hanya. Ana jin iskar tukunyar tana fita, sssss, siririya.

Matar ta juyo da kai. Leɓenta sun yi shuɗi. Ta kalli Meerim daga takalmi har zuwa gashi.

"Kin yi tsawo," in ji ta.

Sai sautin tukunyar ya ɗauke.